Maiƙo a Abincin Alade: Amfaninsa ga Uwa da 'Ya'yanta

Darasin Noma da Kiwo

Gabatarwa

A gidaje da yawa na kudancin Kaduna, Filato, Nasarawa, Binuwai, Taraba da Adamawa, alade shi ne asusun iyali. Idan lokacin biyan kuɗin makaranta ya zo, ko rashin lafiya ya faɗo ba shiri, ko ana neman kuɗin taki da farkon damina, ɗakin aladu ake leƙawa. Fatake kan zo daga kudancin ƙasar nan har kasuwar aladu ta Katsit, kusa da Kafanchan, su cika motoci su koma. Duk da haka, ribar wannan kiwo tun daga gida ake yanke ta, kuma abubuwa biyu ne ke yanke ta: yawan 'ya'yan da uwa ta yaye a haihuwa ɗaya, da yawan kwanakin da ta ɗauka kafin ta sake samun ciki.

Mai kiwo yakan ga uwa ta haifi goma, kafin sati ya zagayo saura shida. Yakan ga kuma uwar da ta yi shayarwa ta rame har haƙarƙarinta ya fito, ta yi wata biyu ba ta nemi namiji ba. Dalilan haka suna da yawa, amma ɗaya daga cikin manyansu shi ne ƙarancin ƙarfi a cikin abinci, kuma maiƙo shi ne abin da ya fi kowane ba da ƙarfi.

Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi, mai karatu zai san aikin maiƙo a jikin alade, da lokacin da ya kamata a ƙara shi, da lokacin da ƙara shi ɓarna ce, da kuma inda zai same shi cikin kayan da muke nomawa.

1. Mene ne maiƙo, kuma mene ne aikinsa?

Idan muka ce maiƙo, muna nufin mai irin su manja, man gyaɗa da man waken soya, har da man da ke ɓoye cikin ƙwayar hatsi da dusa, da kuma kitsen dabba. Kilo ɗaya na mai yana ba jiki ƙarfin da ya ninka na kilo ɗaya na sitaci sau biyu da ɗan ɗori. Sitaci kuwa shi ne mafi yawan abin da ke cikin masara, dawa da rogo. Saboda haka alade zai iya samun ƙarfi mai yawa daga abinci kaɗan idan akwai maiƙo a ciki.

Amfani na biyu ya shafi zafi. Duk abincin da jiki ya sarrafa yana fitar da ɗumi, amma maiƙo ya fi sitaci, furotin da dusa ƙarancin ɗumin. Alade ba ya gumin da zai sanyaya masa jiki, shi ya sa yake neman taɓo ya kwanta. Uwa mai shayarwa ta fi jin daɗi idan zafin ɗaki yana tsakanin digiri 16 da 22. Da zarar ya wuce digiri 25, sai ta fara rage ci. A wurare irin su Numan da Yola, inda zafin Maris da Afrilu kan kai digiri 40, uwa takan bar abinci da yawa a kwami, alhali 'ya'ya na jan nononta dare da rana.

Amfani na uku shi ne, bitamin A, D, E da K ba sa shiga jiki sosai sai da taimakon maiƙo. Akwai kuma wasu sinadarai biyu na mai, linoleyik da linolenik, waɗanda jikin alade ba ya iya haɗa su da kansa, tilas ya same su daga abinci. Da su jiki ke yin wasu sinadaran da ke tafiyar da fitar ƙwai da zaman ciki.

2. Kafin barbara

Budurwar alade irin ta Turawa, wato farare masu tsawon jiki da ake kira Large White da Landrace, bai kamata a kai ta wurin namiji ba sai ta kai wata 7 zuwa 8, nauyinta ya kai kilo 130 ko kusa da haka, kuma ta riga ta nuna alamar neman namiji sau ɗaya ko biyu. Aladun gida ba sa kai wannan nauyi, amma ƙa'idar ɗaya ce: a bar jiki ya yi ƙwari, ya tara ɗan kitse a baya. Wannan kitse shi ne rumbun da za ta ɗiba daga ciki sa'ad da take shayarwa. Wadda aka yi wa barbara tana ƙarama kuma ramammiya takan haifi 'ya'ya kaɗan, ta kuma gaji da wuri, har a sayar da ita bayan haihuwa biyu.

Idan saura kwana 10 zuwa 14 a yi barbara, a ƙara wa budurwa abinci ta ci ta ƙoshi. Ƙarin ƙarfin nan yana sa ta saki ƙwai da yawa. Bayan barbara sai a koma ma'aunin masu ciki.

3. Lokacin ciki

Cikin alade kwana 114 ne, wato wata uku da sati uku da kwana uku. A yawancin wannan lokaci, uwa ba ta bukatar ƙarin mai. Kilo 2 zuwa 2.5 na abinci mai kyau a rana ya ishe ta, tare da ganye da ruwa wadatacce. A nan ne masu kiwo da yawa kan yi kuskure saboda tausayi. Suna ganin ciki ya fito sai su riƙa ɗura mata abinci, ta yi teɓa, su kuwa suna murna.

Uwar da ta yi ƙiba fiye da kima takan daɗe tana naƙuda, kuma idan naƙuda ta yi tsawo, 'ya'yan ƙarshe sukan fito a mace saboda rashin iska. Bayan haihuwa ba ta cin abinci sosai, domin kitsen da ke jikinta yana kashe mata marmari, nono kuma ya yi ƙaranci. Ga nauyin jiki, wanda ke sa ta faɗi ragwaf ta danne 'ya'ya.

Ga yadda za a gane yanayin jikinta ba tare da na'ura ba. A ɗora tafin hannu a kan ƙashin ƙugu da ƙashin baya. Idan ana ganin ƙasusuwan da ido, ta rame. Idan ba a ganinsu amma ana jinsu sa'ad da aka danna da ɗan ƙarfi, jikinta ya yi daidai. Idan an danna sosai ba a ji ƙashi ba, ƙiba ta yi yawa, sai a rage abinci a hankali tun ciki bai tsufa ba. A manyan gonaki inda ake auna kaurin kitsen baya, ana so ya kasance tsakanin milimita 16 da 20 lokacin haihuwa.

4. Sati biyu na ƙarshe

Daga kwana na 100 na ciki, lissafi yakan canja, kuma dalilin yana jikin ɗan da za a haifa. Ɗan alade yana zuwa duniya kusan ba shi da kitse: kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai na nauyinsa. Gashinsa kaɗan ne, jikinsa a jiƙe yake, kuma ɗan sukarin da ya ajiye a hanta da tsoka yakan ƙare cikin kwana ɗaya idan bai sha nono ba. Yana bukatar ɗumin digiri 30 zuwa 34 a satin farko. A daren hunturu a Jos ko Pankshin, inda sanyi kan sauko zuwa digiri 10, ɗan da bai ƙoshi ba yakan yi sanyi, ya kasa kokawar kama nono, ya lafe jikin uwa don neman ɗumi, a nan kuma ake danne shi. Yawancin mutuwar 'ya'yan alade tana faruwa ne cikin kwana uku na farko, kuma yunwa da sanyi da dannewa tare suke aiki.

Man da uwa ta ci ba ya ratsa mahaifa sosai, don haka kada a sa rai zai ƙara nauyin haihuwa da yawa. Inda yake zuwa shi ne nono. Idan aka ƙara mai a abincin uwa kafin haihuwa, dakashi da nonon da ke biye da shi sukan fi maiƙo, kowane tsotso sai ya fi ba ɗan ƙarfi. A 1981 wani masani a Amurka mai suna Pettigrew ya tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa a kan wannan. Ya ga cewa ƙarin mai ya fi ceton 'ya'ya a garken da waɗanda ke rayuwa ba su kai 80 cikin 100 ba, kuma sai idan uwa ta ci aƙalla kilo ɗaya na mai gaba ɗaya kafin ranar haihuwa. Ƙananan 'ya'ya marasa ƙarfi su ne suka fi amfana. Garken da ke rasa 'ya'ya uku cikin goma, irin garkunan gidajenmu da yawa, shi ne ainihin wanda wannan magana ta shafa.

Lissafin ba shi da wuya. Giram 100 na mai a rana, wato kusan kashi biyu cikin uku na ƙaramin gwangwanin madara, har kwana 14, ya zama kilo 1.4. A fara da rabin wannan ma'auni na kwana biyu ko uku don ciki ya saba, a kuma gauraya shi sosai da abinci. Kada a janye dusa da ruwa a wannan lokaci, domin taurin bayan gida yana wahalar da uwa wajen haihuwa.

A tuna cewa mai ba zai maye gurbin dakashi ba. Ɗan alade ba ya samun kariyar cututtuka daga uwa tun yana ciki, daga dakashi yake samunta, kuma hanjinsa yana daina karɓarta bayan kamar awa 24 zuwa 36. Kowane ɗa yana bukatar giram 200 zuwa 250 na dakashi a ranar farko. A goge jikinsa, a ɗora ƙananan a kan nono da hannu, a kuma shimfiɗa musu busasshiyar ciyawa a lungun da iska ba ta shiga.

5. Lokacin shayarwa

Nonon alade yana da maiƙo kashi 7 zuwa 8 cikin 100, kusan ninki biyu na nonon saniya. Uwa irin ta Turawa mai 'ya'ya goma takan fitar da lita 8 ko fiye a rana, kuma 'ya'ya suna bukatar kimanin kilo 4 na nono kafin su ƙara kilo ɗaya na nauyi. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Idan abinci bai ishe ta ba, uwa ba ta tsayar da nono nan da nan. Kitsen jikinta take narkewa, bayan shi kuma naman jikinta.

Ma'aunin da aka saba bi shi ne kilo 2 domin uwa, da rabin kilo domin kowane ɗa. Mai 'ya'ya takwas ke nan tana bukatar kilo 6 a rana. A kai ga wannan ma'auni a hankali cikin satin farko bayan haihuwa. Da bazara kuwa uwa ba za ta iya cinye kilo 6 ba, a nan maiƙo ke cike gurbi. Kilo 3 zuwa 5 na mai cikin kowane kilo 100 na abinci ya isa. A raba abincin sau uku, mafi yawansa da sassafe da kuma bayan faɗuwar rana, a jiƙa shi da ruwa, a kuma tabbatar tana samun ruwan sha lita 20 zuwa 30 kowace rana.

Ramar uwa tana da tsada fiye da yadda ake zato. Uwa mai lafiya takan nemi namiji kwana 4 zuwa 7 bayan yaye. Wadda ta zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyinta takan yi jinkiri, kuma haihuwarta ta gaba takan ragu. Bari mu lissafa. Ciki kwana 114, shayarwa kwana 42, jiran barbara kwana 7, jimla 163. Irin wannan uwa za ta haihu sau biyu a shekara har da saura. Idan ta yi jinkirin sati shida, jimlar ta zama 205, ba za ta kai haihuwa biyu a shekara ba. Ga mai yaye tara a kowace haihuwa, asarar ta kai 'ya'ya huɗu a shekara, ban da buhu biyu na abinci mai kilo 50 da ta ci tana zaune banza.

Irin man ma yana da muhimmanci. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, aka buga a 2016, ya nuna cewa uwa mai shayarwa tana bukatar aƙalla giram 125 na linoleyik da giram 10 na linolenik a rana domin ta sake ɗaukar ciki da sauri ta kuma riƙe shi. Man waken soya yana da dukansu biyu: kusan rabinsa linoleyik ne. Manja yana ba da ƙarfi sosai, amma linoleyik ɗinsa kamar kashi 10 cikin 100 ne kawai. Don haka mai amfani da manja ya haɗa da waken soya.

6. 'Ya'ya bayan yaye

Ɗan alade yana narkar da maiƙon nonon uwarsa kusan duka. Amma da zarar an yaye shi, cikinsa yakan yi rauni wajen narkar da man da ke cikin busasshen abinci har kamar sati biyu. Zuba mai da yawa a wannan lokaci ba ya ƙara girma, yana iya ma jawo zawo. Kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ya isa, kuma man tsiro ya fi kitsen shanu sauƙin narkewa a cikinsu. Abin da ya fi taimako shi ne a fara ba su ɗan abinci mai laushi tun suna sati biyu, a inda uwa ba za ta kai ba.

Ga aladu masu tasowa, ƙarin mai yana rage yawan abincin da suke bukata kafin su ƙara kilo ɗaya. Sai dai akwai sharaɗi. Alade yana ci ne har ya sami ƙarfin da yake bukata, sa'an nan ya bari. Idan abinci ya yi maiƙo, zai ci kaɗan, furotin da yake samu ma ya ragu, sai ya tara kitse maimakon nama. Duk wanda ya ƙara mai, tilas ya ƙara furotin. A kuma rage man waken soya da dusar shinkafa a watan ƙarshe kafin sayarwa, domin yawansu yana sa kitsen nama ya yi laushi, mahauta kuma ba sa son haka.

7. Inda za a sami maiƙo

Masara tana da mai kimanin kashi 4 cikin 100. Rogo da ɓawonsa ba su kai kashi 1 ba, don haka uwar da ke rayuwa a kan ɓawon rogo da ruwan wanke-wanke tana cikin yunwa ko da cikinta ya cika.

Waken soya da ba a matse ba yana da mai kashi 18 zuwa 20 da furotin kusan kashi 37. Shi ne ya fi dacewa da mai kiwon gida, tun da muna noma shi. Amma ɗanyensa yana hana narkewar abinci. A soya shi har ya yi ja-ja-ja, warin ɗanye ya fita, ko a tafasa shi minti 30 a shanya. Kada a bari ya ƙone.

Dusar shinkafa tsantsa tana da mai kashi 12 ko fiye, amma tana saurin lalacewa, kuma wadda ake samu a ƙananan injuna yawanci cike take da ƙaiƙayi. Araha ba ta ado. Dusar ƙwarar manja, wadda masu shago ke kira PKC, tana da ɗan mai amma tana da kaushi, ta fi dacewa da masu ciki fiye da masu shayarwa da ƙananan 'ya'ya. Ƙuli-ƙuli da tunkuza suna da kyau muddin gyaɗar ba ta yi fumfuna ba, domin gubar fumfuna tana lalata hanta, tana kuma bi ta nono. Angurya tana da wata guba da ke cutar da alade, a nisance ta.

Ga misalin haɗin kilo 100 domin uwa mai shayarwa: masara kilo 58, soyayyen waken soya 25, dusar alkama 13, garin ƙashi 2.5, garin bawon kawa ko farar ƙasar dabbobi rabin kilo, gishiri rabin kilo, haɗin bitamin kwata, laisin kwata. Wannan yana ba da furotin kimanin kashi 16 da maiƙo kimanin kashi 7, kuma uwar da ta ci kilo 5 a rana za ta sami linoleyik da linolenik ɗin da aka ambata ba tare da an zuba wani mai daban ba.

8. Gargaɗi

Man da ya tsufa ya canja wari yana kashe bitamin E, yana kuma sa alade ƙin abinci. A haɗa abinci mai maiƙo na sati ɗaya ko biyu kawai, a ajiye shi a inuwa, a kan katako. Baƙin man da masu tuya suka juya sau da yawa ba abincin uwa ba ne.

Mafi haɗari duka shi ne kitse da ragowar abinci daga mahauta da gidajen abinci. Ƙwayar cutar zazzaɓin aladu na Afirka tana rayuwa watanni cikin nama da kitsen alade, kuma cutar ba ta da magani. Annobarta ta ɓarke a Najeriya a 1997 ta share garkuna a jihohi da dama, a 2020 kuma ta kashe dubban aladu a gonar Oke-Aro kusa da Legas. Kada a ba alade wani abu da ya taɓa naman alade. Idan aladu suka fara mutuwa farat ɗaya, a sanar da likitan dabbobi mafi kusa, kada a ruga da sauran kasuwa a kai wa maƙwabta masifa.

Tambayoyi Domin Tattaunawa a Gida

1. A haihuwar da ta wuce, 'ya'ya nawa aka haifa a gidanku, nawa kuma suka kai yaye? A wace rana yawancinsu suka mutu?
2. Kwana nawa uwar ta yi bayan yaye kafin ta nemi namiji?
3. Don me ƙiba lokacin ciki take rage nono bayan haihuwa?
4. Cikin kayan da kuke nomawa, wanne ne zai iya zama tushen maiƙo ga aladunku?

Kammalawa

Maiƙo yana da lokacinsa. A farkon ciki da tsakiyarsa a riƙe hannu, daga kwana na 100 har zuwa yaye a buɗe shi, bayan yaye kuma a ba 'ya'ya kaɗan-kaɗan. Duk wannan ba zai yiwu ba sai an san ranar barbara, saboda haka a sami ƙaramin littafi, a ba ɗaya daga cikin yaran gida masu zuwa makaranta aikin rubuta ranar barbara, ranar haihuwa, yawan 'ya'ya da ranar yaye. A lokacin girbi kuma, kafin a kai waken soya kasuwa, a ware buhu ɗaya domin kowace uwa. Allah ya sa albarka a kiwonmu.